Yadda Ake Gyara Cikin Bas Ya Zama Ɗakin Kwana, Daidai Da Zafin Kano Da Ƙurarta

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon Turawan da ke mayar da bas gida ya san yadda abin ke shiga rai: katako an goge yana sheƙi, ga gado, ga wurin girki, an buɗe ƙofar baya ana kallon tsauni. Ni ma daga nan sha'awar ta kama ni, har na sayi tsohuwar Hiace, irin wadda direbobinmu ke kira Homa, don yawan tafiyar da nake yi tsakanin Kano da kasuwannin Wudil da Dambatta da Maigatari, da kuma fita da iyali lokacin hutu. Sai da na fara aikin na gane cewa mutanen nan sanyi suke yaƙa, mu kuwa zafi da ƙura da ramukan hanya ne abokan gabarmu. Wanda ya kwafi tsarinsu kai tsaye, tanda zai gina wa kansa. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 har ya wuce, kwanon motar da ke tsaye a rana kuwa ba ya taɓuwa da hannu. Da wannan a ranka za ka yanke kowace shawara.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya

Cire kujerun baya, ka share motar, ka shimfiɗa tabarma da katifa, ka kwana a ciki dare 2 ko 3 a ƙofar gidanka. A nan za ka san ta ina iska ke shigowa, ina kanka ke bugawa, ina kake son ajiye takalmi da buta. Sannan ka ɗauki tef ka auna komai da kanka, kada ka dogara da abin da wani ya faɗa, domin Hiace iri-iri ce. Mai gajeren rufi tsayin cikinta wajen mita 1.3 ne, mai dogon rufi kuma wajen 1.6, wato ko a babbar ma yawancin manya ba za su miƙe sosai ba. Saboda haka ka tsara cikin don zama da kwanciya, salla da girki kuma su koma waje, ƙarƙashin rumfa.

Ka zana tsarin a kan daɓen motar da alli, ko ka jera kwalaye a matsayin gado da akwatuna, ka yi ta shiga da fita. Akwai wurare 3 da ba a rufe su ko da wasa. Injin Hiace yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, sai an ɗaga kujera ake kai masa, to duk abin da ka gina a bayanta kada ya hana ta ɗaguwa. Na biyu, wurin da ake kwance safayar taya ta ƙofar baya. Na uku, ma'ajiyar jak da wurin da ake bi a canza ƙwan fitilun baya.

Sai nauyi. Akwai ɗan farantin ƙarfe a jikin motar da aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, ka nemo shi ka rubuta lambar a takarda. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka 2 masu lita 25 sun zama kilo 50 ke nan, ban da batir da katako da mutane da kayansu. Duk abin da za ka saya, ka rubuta nauyinsa a takardar nan.

Takardu ma tun yanzu ne. Idan motar haya ce a da, lambarta mai jan rubutu ce, ta masu zaman kansu kuwa shuɗi. Ka je ofishin da ke kula da rajista a gyara, haka nan idan ka canza mata launi. Baƙin gilashi yana buƙatar izinin 'yan sanda, shi ya sa ni labule na zaɓa. Jami'an kiyaye haɗura da na KAROTA za su nemi abin kashe gobara da alamar tsayawa, kuma ko ba su nema ba, motar da ake kwana a cikinta ba ta rabuwa da abin kashe gobara.

Wanka da maganin tsatsa

Tsohuwar motar haya ta sha kunu da miya da ruwan sama. Ɗaga kafet da ledar ƙasa gaba ɗaya, ka wanke, ka bar ta ta bushe a rana. Inda ka ga tsatsa, ka kankare da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, ka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa. Inda ya ɓule, aikin fanel bita ne, a yanke a sa sabon ƙarfe, kada a cika da foti a rufe maka ido. Ka fi duba bakin ƙofar gefe, da kan tudun tayoyin baya, da ƙarƙashin robar gilashi. Kafin a kunna walda a jikin mota, a cire kan batir.

Ramukan notin kujerun da ka cire kada ka toshe su duka. An ƙarfafa wuraren tun daga kamfani don su riƙe kujera da mutum, kuma babu inda ya fi su dacewa da ɗaure gado da akwatin batir. Waɗanda ba za ka yi amfani da su ba ka mayar musu da notinsu, in ba haka ba ƙura da hayaƙin salansa ta nan za su riƙa shigowa.

Iska, wadda ita ce rabin aikin

A nan nake so ka daɗe. Duk abin da za ka manna a bango don tare zafi, jinkirta shigarsa kawai yake yi. Idan zafin ya riga ya shiga, abin da ya hana shi shiga shi ne zai hana shi fita. Abin da ke sa a iya barci a mota a Kano shi ne iska mai wucewa: ta shigo ta ƙasa, ta fita ta sama.

Ana huda rufi a sa fanka mai zuƙo iskar ciki ta fitar. Yawancin irin waɗannan fankoki ramin santimita 40 sau 40 suke so, amma ka sayi fankar tukuna ka auna ta kafin a yanka. A yanka tsakanin ƙarafan da ke tallafe da rufin, kada a taɓa ko ɗaya daga cikinsu. A goge bakin ramin, a shafa masa fenti, a share garin ƙarfen da ya zuba nan take, domin damina ɗaya ta ishe shi ya zama ɗigon tsatsa a ko'ina. Wajen liƙewa, silikon ɗin banɗaki ba ya jure rana da girgiza. Nemi gam na jikin mota irin Sikaflex, sannan ka zuba ruwa da bokiti ka gwada tun kafin ruwan Agusta ya gwada maka.

Fankar ta zauna saitin gado, mashigar iskar kuma ta kasance nesa da ita, kamar tagar gaba da aka sauke kaɗan, don iskar ta ratsa tsawon motar ta bi ta kanka. Kowace kafa a sa mata ragar sauro. Ni na kai wa tela raga ya ɗinka mini mai zif daidai ƙofar gefe da ta baya, muka ɗaura da maganaɗisu a gefuna. Da ita ake iya barin ƙofa a buɗe da magariba.

Rufin kuwa a yi masa farin fenti daga waje, ko da jikin motar wani launi ne. Cikin duk kuɗin da na kashe, babu wanda ya biya ni kamar wannan. Faifan sola ma idan aka ɗaga shi kaɗan daga kwanon, inuwa yake yi wa rufin.

Ƙura ta ƙofar baya ta fi shiga, saboda idan mota na gudu iska na juyawa a bayanta tana tura ƙurar cikin kowace kafa. Canza robar ƙofofin idan ta mutu. Gwajin mai sauƙi ne: ka shiga da rana a rufe ka, duk inda ka hango haske, nan ƙurar hunturu za ta bi.

Wayoyi kafin bango

Kafin a rufe komai, ka kira mai rewaya a ja wayoyi zuwa duk inda za a sa fitila, fanka da wurin caji. Kada a yi amfani da wayar gida mai silli ɗaya, girgiza na karya ta daga ciki. Wayar mota mai silli da yawa ake so, ta tagulla zalla, a zura ta cikin bututun roba, duk inda ta ratsa ƙarfe kuma a sa mata zoben roba don kada bakin ƙarfen ya yanke ta. Ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka kafin a rufe. Ranar da za ka huda don rataye wani abu, hoton ne zai nuna maka inda waya ta bi.

Abin tare zafi, daɓe da bango

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne baƙin soson roba irin wanda masu gyaran AC ke naɗe bututu da shi, amma mai faɗi, wanda ake mannawa a jikin kwano. Ba ya shan ruwa, yana bin lanƙwasar mota, yana kuma rage ƙara. Rufi ya fi kowane waje buƙatarsa, a nan za ka sa mai kauri. Farin soson nan na cikin kwalin firij yana da araha, sai dai yana ƙugi in mota na tafiya, kuma gam irin na masu takalmi narkar da shi yake yi. Audugar gilashi kuwa tana riƙe danshi ta jawo tsatsa, ga ƙaiƙayi. Takardar nan mai ƙyalli ba ta aiki idan an manna ta tsakanin abu biyu, sai akwai sarari a gabanta, don haka wurinta shi ne gilashi, a yanka daidai kowace taga a riƙa karawa da rana.

Gam ya taɓa ba ni wahala. Na manna yadin rufi da gam na gama-gari a lokacin sanyi, ya zauna lafiya lau, da bazara ta shigo sai ya saki ya sauko. Dole na sake aikin da gam mai jure zafi, na kuma danne da siraran katako da sukuru. Duk abin da ke saman kanka, kada ka bar wa gam kaɗai.

Katako ana samunsa a 'Yan Katako da ke Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, ƙarfe da noti kuma Ƙofar Ruwa. Filawud mai ƙafa 4 sau 8 shi ne ma'auni. Mai kaurin milimita 12 ya isa daɓe, nauyinsa kilo 20 da 'yan kai. Na bango da rufi milimita 4 zuwa 6 ya wadatar. Kafintoci da yawa za su ba ka shawarar MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, domin da shi suka saba yin kabad na gida, kuma yana da kyan gani. Kada ka karɓa. Mai milimita 18 yana kusan kilo 40, ruwa na kumbura shi, sukuru kuma na kwancewa a jikinsa in an sha girgiza. Haka na ce wa kafintan da ya yi mini aiki, wani dattijo mai haƙuri: "Baba, wannan ɗakin gudu zai riƙa yi a hanyar Zariya, a yi shi kamar akwatin tafiya." Ya yi dariya, amma ya gane nufina, ya koma haɗa kowace kusurwa da gam da sukuru maimakon ƙusa.

Bangon mota ba miƙaƙƙe ba ne, don haka a fara yanka kwali ya zauna daidai, sannan a ɗora shi kan filawud a zana. Kafin ka huda daɓe, leƙa ƙarƙashin motar: tankin mai na nan, da bututun burki da wayoyi. A saman filawud ɗin a shimfiɗa ledar ɗaki mai kauri, falle ɗaya ba haɗi, a ɗan ɗaga bakinta jikin bango. Kafet ma'ajiyar ƙura ce, darduma da za a iya kakkaɓewa ta fi.

Gado da ma'ajiya

Faɗin ƙaramar Hiace daga ciki wajen mita ɗaya da rabi ne, bai isa babba ya kwanta a gicciye ba, sai a tsaye, kai wajen direba ko wajen ƙofar baya. Katifa mai ƙafa 6 sau 4 da rabi tana shiga idan gadon ya hau saman tudun tayoyi. Tsayin gadon kuwa ciniki ne tsakanin abu biyu: in ka ɗaga shi ka samu wurin kaya a ƙasa, amma ka rasa wurin zama a sama. Zauna a kan katifar ka auna, kana buƙatar kusan santimita 90 daga samanta zuwa rufi. A mota mai gajeren rufi wannan na nufin gadon ba zai wuce tudun tayoyi da yawa ba.

Ni ƙarfe na zaɓa wa ƙashin gadon, bututu mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, mai walda ya haɗa shi a waje aka shigo da shi gunduwa-gunduwa aka ɗaure da noti a ramukan kujeru. In katako kake so, nemi busasshe mara nauyi irin obeche. Maɗaci na da ƙarfi amma nauyinsa ya yi yawa, ɗanyen katako kuma da hunturu ya busa zai murɗe. Kada a shafa masa baƙin maganin gara, warinsa a rufaffiyar mota mai zafi ba ya barin mutum ya yi numfashi. A ƙarƙashin katifa a jera siraran katako da tazara, don gumi ya samu hanyar bushewa. Soso mai tauri na inci 4 ya isa, a yanka shi gida 3 tela ya yi wa kowanne riga mai zif da yadin auduga daga Kantin Kwari, da rana a jingina su su zama kujera. Rigar leda ba ta kwantuwa da bazara.

Kaya masu nauyi, wato ruwa da batir da kayan aiki, su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a raba nauyin dama da hagu. Sama sai tufafi da bargo. Kowace durowa da ƙofar kabad a sa mata sakata mai kamawa. Wannan ba maganar tsafta ba ce kawai: a karon da aka yi ana gudun kilomita 50, abu kan taho da ƙarfin da ya ninka nauyinsa wajen sau 20, batirin da ba a ɗaure ba kuwa bayan direba zai nufa. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a tafiya da kowa a kan gado. In kana da yara, ka bar layin kujera ɗaya na asali da bel ɗinsa, ka gina sauran a bayansa.

Lantarki

Batirin ɗaki daban, na tayar da mota daban, don kada ka wayi gari a daji mota ta ƙi tashi. Lissafin haka yake: wat ɗin kowane abu sau awannin da zai yi, abin da ya fito shi ne wutar da ya ci. Fankar rufi mai wat 20 ta awa 10 ta ci 200. Ƙaramar fanka da fitilu da cajin wayoyi, ka ba su 200. Ƙaramin firij mai bolt 12 a zafinmu, ka ware masa 500. Jimla 900 ke nan a yini. Batirin litiyam mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan 1,280 a wannan lissafin, ya isa dare ɗaya da ragowa. Batirin ruwa mai girman haka rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, ya fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, dole akwatinsa ya samu mafita zuwa waje. Sola mai wat 300 a ranar Kano zai iya mayar da abin da ka ci, muddin kana goge shi, domin ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi sosai. In kana so injin mota ma ya riƙa cajin litiyam, akwai na'urar da ake sawa tsakaninsu, kada a haɗa su kai tsaye.

AC fa? Mai doki ɗaya yana cin wat 700 zuwa 900, wato batirin nan ba zai kai shi awa 2 ba. Fanka da inuwa su ne dabara.

Fiyus shi ne abin da na ga an fi yi wa sakaci. A sa babba dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, sannan kowane layi da nasa ƙarami. Inbata mai wat 1,000 tana jan kusan amfiya 90 daga batir mai bolt 12, siririyar waya zafi za ta ɗauka har ta narke, don haka a sa mai kauri, gajeriya. A layin France Road da ke Sabon Gari za ka samu yawancin kayan, amma ka kankare bakin wayar ka gani, akwai mai ruwan tagulla a sama kawai. Batir ya zauna ƙasa inda rana ba ta bugu, nesa da zafin inji.

Ruwa da girki

Jarka 2 sababbi, waɗanda ba a taɓa zuba mai ko sinadari a ciki ba, a ɗaure da bel kusa da ƙofa don sauƙin cikawa da alwala. Sun fi tankin da aka gina, saboda ana fito da su a wanke. In ka tsaya, lulluɓe ɗaya da jiƙaƙƙen buhu ka ajiye a inuwa, za ta yi sanyi kamar ruwan randa.

Girki a waje nake yi, a kan wata doguwar durowa da ake jawowa ta ƙofar baya, an lulluɓe samanta da farantin ƙarfe. Tukunyar gas ƙarama ta zauna a tsaye, a ɗaure, cikin akwatinta. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake taruwa, don haka a huda ƙasan akwatin zuwa waje. A rufe kan tukunyar duk lokacin da aka gama, a riƙa gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu.

Ina roƙonka da babbar murya, ɗan'uwa: kada gawayi ko risho ko janareta su taɓa ci a cikin motar nan, komai sanyin Janairu. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Mun sha jin iyalan da aka rasa a rufaffen ɗaki ta wannan hanya, mota kuwa ta fi ɗaki ƙanƙanta. Haka nan kada a bar inji a kunne ana barci. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan iska, a manna ta kusa da gado.

Labule, rumfa da gwaji

Labule mai kauri tsakanin direba da ɗaki, da na tagogi mai baƙin yadi ta ciki don kada a hango inuwar iyalinka in an kunna fitila. Rumfa kuma tamfol ce da sanduna 2 da igiya, a maƙala a gefen rufi. A ƙarƙashinta ake salla da cin abinci, tana kuma kare gefen motar daga rana.

Da an gama, ka loda komai kamar za a yi tafiyar gaske, jarkoki cike, ka ƙara wa tayoyi iska daidai da abin da aka rubuta na mota mai kaya. Fara da gajeriyar tafiya da rana, kamar Tiga, ka sa wani ya zauna a kujerar baya yana saurare yana rubuta duk abin da ya yi ƙara ko ya motsa. A fili mara mutane ka taka burki da ƙarfi sau 2 ko 3 ka ga abin da zai zame. In za ka kwana, ka nemi wuri mai mutane da tsaro, ka gaisa da masu wurin ka nemi izini, ka juya gaban motar wajen mafita, makulli kuma ya kwana inda hannunka zai kai. Da ka dawo gida, ka bi kowane noti da sifana ka ƙara ɗaurewa, ka taɓa mahaɗar wayoyi ka ji ko akwai mai ɗumi, ka sake yin haka bayan tafiya ta biyu kafin ka ɗauki hanyar Yankari.